Yadda Ake Ɗora Sabon Kenel na Linux a Kan Tsohon Saiti

Kenel shi ne ɓangaren Linux da ke tsaye tsakanin ƙarfen kwamfuta da sauran manhajoji. Shi ke magana da faifan ajiya da katin waifai da kibod, shi ke raba wa manhajoji ƙwaƙwalwa da lokacin aiki. Kafin a gina shi daga tushensa, wato rubutun da masu shirya manhaja suka rubuta shi da shi, sai an faɗa masa abin da zai ƙunsa da abin da zai bari, kuma duk wannan bayani yana cikin fayil guda mai suna `.config`. Irin wanda Debian ko Ubuntu ko Fedora ke amfani da shi yakan kai layi dubu goma, wani ma ya haura. Sabuwar sigar kenel kuwa tana fitowa kusan duk mako tara ko goma. Ba wanda zai zauna ya amsa tambayoyi dubu goma daga farko duk lokacin da yake son sabuntawa.

Saboda haka ake ɗauko saitin kenel ɗin da ke aiki lafiya a kwamfutarka yanzu, a miƙa wa sabon, a ce masa ya ci gaba daga nan. Umarnin da ke yin wannan gajere ne, kalma biyu kacal: `make oldconfig`. Amma ina so tun daga nan ka riƙe abu ɗaya: tambayoyin da sabon kenel zai yi maka ba su ne abin tsoro ba, tunda kana ganinsu da idonka. Abin tsoron shi ne layukan tsohon saitinka da zai zubar bai ce maka uffan ba. Yawancin wannan rubutu a kan gano su ne kafin ka sake kunna kwamfutar.

Zan yi misali da wanda ke kan siga 6.1, wadda Debian 12 ke zuwa da ita, yana son komawa 6.12. Dukansu biyu sigogi ne da ake kula da su na dogon lokaci, ta farkon ta fito a Disambar 2022, ta biyun a Nuwambar 2024.

## Abin da ke faruwa da kowane layi

In ka buɗe `.config` za ka tarar da layuka iri uku ne suka fi yawa:

```
CONFIG_EXT4_FS=y
CONFIG_BTRFS_FS=m
# CONFIG_REISERFS_FS is not set
```

Harafin `y` na nufin a gina abin a cikin jikin kenel ɗin kansa. Harafin `m` na nufin a gina shi a matsayin modul, wato guntun da ke zaune a faifai sai an buƙace shi a ɗauko. Layi na uku, duk da alamar `#` da ke gabansa, ba sharhi ba ne da za a iya gogewa: shi ne yadda ake rubuta cewa an tambaye ka ka ce a'a. In ka share shi, tsarin zai ɗauka ba a taɓa tambayarka ba.

Wannan fayil ba shi da ikon kansa. Masu ikon su ne fayilolin `Kconfig` da ke warwatse a cikin foldodin tushen kenel, waɗanda suka fayyace sunan kowane zaɓi, da abin da ya dogara a kai, da amsar da za a ba shi in ba a ce komai ba. Da ka kawo tsohon saiti, za a gwada kowane layi da sababbin fayilolin `Kconfig`. Wanda har yanzu sunansa na nan kuma sharuɗɗansa sun cika, za a bar shi yadda ka bar shi. Wanda sabo ne, babu shi a tsohon fayil, za a tambaye ka ko a cike maka. Wanda kuma aka cire ko aka sauya masa suna ko wani sharaɗinsa ya faɗi, sai kawai ya ɓace. Ka riƙe wannan kashi na uku, za mu dawo kansa.

## Mataki na farko: nemo tsohon saitin

Fara da tabbatar da sigar da kake kai:

```
uname -r
```

A Debian da Ubuntu da Fedora da danginsu, saitin kowane kenel da aka girka yana ajiye a `/boot`, da suna `config-` sannan lambar siga. A Arch da wasu tsare-tsaren ba a ajiye shi a can, amma kenel ɗin yana ɗauke da kwafinsa a cikinsa, ana karanta shi ta `/proc/config.gz`. In ba ka ga wannan fayil ba, gwada `sudo modprobe configs` ka sake dubawa, domin wasu suna gina wannan ɓangaren a matsayin modul. In kuma abin da ke hannunka hoton kenel ne kawai daga wata na'ura, akwai `scripts/extract-ikconfig` a cikin tushen, yana iya zaro saitin daga ciki muddin an gina kenel ɗin da `CONFIG_IKCONFIG`.

Wanda ya saba gina kenel da kansa, `.config` ɗinsa na cikin tsohuwar foldar tushe. Amma a kula: in bayan ginin ƙarshe ka ɗan taɓa wasu zaɓuɓɓuka kana gwaji, fayil ɗin da ke foldar ba lallai ya zama shi ne wanda kwamfutar ta tashi da shi ba. Ni na fi yarda da wanda na ɗauko daga `/proc/config.gz` ko `/boot`, tunda shi ne shaidar abin da ke aiki a zahiri.

## Mataki na biyu: tushe da kayan aiki

Sauko da tushen daga kernel.org ka warware shi a foldar da kake da iko da ita. Ba a buƙatar zama mai cikakken iko wajen saiti ko gini, sai wajen girkawa.

```
tar xf linux-6.12.tar.xz
cd linux-6.12
```

A Debian ko Ubuntu kayan ginin su ne waɗannan:

```
sudo apt install build-essential flex bison bc libssl-dev libelf-dev libncurses-dev dwarves
```

Ka girka su duka tun kafin ka taɓa saitin, ba bayan ka gama ba. Dalilin yana da muhimmanci. Tun daga siga 4.18, tsarin saitin yana gwada manhajar harhaɗawa da ke kwamfutarka, wato GCC ko Clang, ya ga abin da take iyawa, sannan ya buɗe ko ya rufe wasu zaɓuɓɓuka gwargwadon abin da ya gani. Shi ya sa za ka ga layi irin `CONFIG_CC_VERSION_TEXT` a saman fayil ɗin. Haka abin yake ga Rust, wanda ya shigo kenel a 6.1: in tsohon saitinka na da `CONFIG_RUST=y` amma babu kayan harhaɗa Rust da suka dace a kwamfutar da kake gini, layin zai faɗi shiru. Wato tsohon saiti guda ɗaya zai iya haifar da sakamako biyu daban a kwamfutoci biyu. In kuma da Clang za ka gina, sa `LLVM=1` a kowane umarnin `make` tun daga na saitin. Mai gina wa wata na'ura daban, kamar allon ARM, shi ma kada ya manta da `ARCH=` da `CROSS_COMPILE=` a kowane mataki, in ba haka ba tsarin zai auna saitin ARM da ma'aunin x86 ya watsar da rabinsa.

## Mataki na uku: kwafa

In foldar ba sabuwa ba ce, an taɓa gini a cikinta, share ta tukuna:

```
make mrproper
```

Tsarin jerin nan ba wasa ba ne. `make mrproper` yana goge `.config` tare da sauran tarkace, saɓanin `make clean` da ke barinsa. Mutane da yawa sun kwafo saitinsu, suka share folda daga baya, suka gina kenel a kan wani abu daban ba su sani ba. Share da farko, sannan ka kwafa:

```
cp /boot/config-$(uname -r) .config
cp .config ../saiti-6.1-na-asali
```

Mai amfani da `/proc` kuma ya rubuta `zcat /proc/config.gz > .config`. Kwafi na biyun da muka ajiye a wajen foldar shi ne ma'auninmu. Tsarin yana ajiye `.config.old` da kansa, amma duk lokacin da ka sake gudanar da wani umarnin saiti sai ya rubuta wani a kansa, bayan zagaye biyu ko uku asalin ya tafi.

## Mataki na huɗu: duba sababbi, sannan ka zaɓi hanya

Kafin ka amsa komai, ga yadda za ka san yawan abin da ke jiranka:

```
make listnewconfig
```

Wannan yana jero sababbin zaɓuɓɓuka ne kawai, ba ya taɓa fayil ɗinka. Ɗan'uwansa `make helpnewconfig` yana haɗawa da bayanin kowanne. Tsakanin 6.12.1 da 6.12.5, alal misali, da ƙyar ka ga wani abu, domin gyare-gyare ne kawai ake shigarwa. Tsakanin 6.1 da 6.12 kuwa, da saitin da ya ƙunshi kusan komai, jerin zai kai ɗaruruwa.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Ta farko:

```
make oldconfig
```

Zai riƙa tsayawa a kan kowane sabon zaɓi yana jiran amsarka. Ƙarshen layin tambayar yakan zo da wannan kama:

```
(BCACHEFS_FS) [N/m/y/?] (NEW)
```

Babban harafin shi ne amsar da masu kenel suka gindaya, in ka danna Enter ita za a ɗauka. Alamar `?` tana buɗe bayanin zaɓin, kuma sau da yawa bayanin yana ƙarewa da shawarar abin da za ka zaɓa in ba ka da tabbas. Wannan misalin na bcachefs ne, tsarin fayil da ya shigo a 6.7. In ba ka da faifan da aka tsara da shi, a'a ce amsarka, ka wuce.

Hanya ta biyu:

```
make olddefconfig
```

Wannan ba ya tambaya, yana cike kowane sabon gurbi da amsar da aka gindaya. A tsofaffin rubuce-rubuce za ka ga ana haɗa `yes ""` da `make oldconfig` don cimma wannan, yanzu babu buƙata.

Wanne ya fi? Ra'ayina shi ne, in tambayoyin ba su wuce talatin ko arba'in ba, zauna ka amsa su da `oldconfig`, za ka koyi abubuwa da yawa game da inda kenel ya dosa. In sun kai ɗaruruwa, gaskiya ita ce bayan ta hamsin hankalinka ya riga ya gaji, yatsanka ne kawai ke danna Enter, kuma a irin wannan yanayi ne mutum ke wuce tambaya mai muhimmanci yana ganin ya duba ta. Gara ka bar `olddefconfig` ya cike, ka tattara ƙarfinka ka kai shi mataki na gaba, inda za ka ga sauye-sauyen duka a shimfiɗe a gabanka.

Wani abin lura: in ka manta ba ka kwafo `.config` ba, waɗannan umarnin ba za su yi ƙorafi ba. Za su lalubo saitin kenel mai aiki a `/boot` da kansu, in babu su koma kan na asali da ke cikin tushen. Suna rubuta inda suka ɗauko a layukan farko na abin da suka fitar, don haka ka karanta waɗannan layukan.

## Mataki na biyar: kwatanta, a nan aikin yake

```
scripts/diffconfig ../saiti-6.1-na-asali .config > ../bambanci.txt
less ../bambanci.txt
```

Layin da ya fara da `+` sabon zaɓi ne. Wanda ke da kibiya a tsakiya, kamar `y -> m`, darajarsa ce ta sauya. Wanda ya fara da `-` shi ne wanda ya ɓace. Da waɗannan na ƙarshen za ka fara, musamman waɗanda a da suke `y` ko `m`:

```
grep '^-' ../bambanci.txt | grep -E ' (y|m)$'
```

A sigogin baya-bayan nan akwai kuma wata hanya: in ka sa `KCONFIG_WARN_UNKNOWN_SYMBOLS=1` a gaban `make olddefconfig`, zai yi maka gargaɗi a kan duk sunan da bai gane ba. Yana taimakawa, amma bai maye gurbin kwatantawa ba, domin zaɓin da sunansa na nan amma sharaɗinsa ya faɗi ba baƙo ba ne a wurinsa.

Ga kowane layi da ya ɓace, tambaya ɗaya ce: ina ya tafi? Amsar takan zama ɗaya daga cikin uku.

Wani an cire shi ne gaba ɗaya. A tafiyarmu daga 6.1 zuwa 6.12, mai raba ƙwaƙwalwa da ake kira SLOB ya fita a 6.4, SLAB ya bi shi a 6.8, aka bar SLUB shi kaɗai. Wannan ba abin damuwa ba ne, tsarin zai koma kan SLUB da kansa. Tsohon direban NTFS, wato guntun kenel da ke karanta faifan Windows, shi ma an cire shi a 6.9, NTFS3 da ya shigo tun 5.15 ya gaje shi. Amma wani cirewar tana iya hana ka shiga kwamfutarka. ReiserFS ya fita daga kenel a 6.13, don haka duk wanda ke da faifai a kan wannan tsari dole ya kwashe kayansa kafin ya haura 6.12. Haka tsofaffin direbobin IDE da aka cire a 5.14: wanda ke kansu sai ya koma direbobin libata, faifansa ya tashi daga `/dev/hda` ya zama `/dev/sda`, kuma in `/etc/fstab` na kiran tsohon sunan, kwamfutar ba za ta gama tashi ba.

Wani kuma suna aka sauya masa. A 6.9 an sake wa zaɓuɓɓukan kariya daga raunin furosesa suna, `CONFIG_RETPOLINE` ya zama `CONFIG_MITIGATION_RETPOLINE`, `CONFIG_PAGE_TABLE_ISOLATION` ya zama `CONFIG_MITIGATION_PAGE_TABLE_ISOLATION`. Tsarin saiti bai san cewa sabon sunan magajin tsohon ba ne. A wurinsa wani ya mutu, wani baƙo ya zo, sai ya ba baƙon amsar da aka gindaya. A wannan misalin amsar e ce, don haka mai kariya bai rasa kariyarsa ba, sai dai wanda ya kashe su da gangan zai tarar sun dawo. Matsalar tana tsananta ne in abin ya juya: kana da direba a kunne, aka sauya masa suna ko aka raba shi gida biyu, sabon sunan kuma amsarsa ta asali a'a ce. Gini zai tafi sumul, babu kuskure ko ɗaya, sai bayan ka tashi ka tarar babu sauti ko babu intanet.

Na uku shi ne wanda yana nan da sunansa amma an ɗora masa sabon sharaɗi, ko an sa shi a ƙarƙashin wani sabon zaɓi da ke kashe. Don gano irin wannan, buɗe `make menuconfig`, danna `/`, rubuta sunan ba tare da `CONFIG_` ba. Zai nuna maka inda zaɓin yake, da jerin abubuwan da ya dogara a kansu, kowanne da halin da yake ciki a yanzu. Wanda ka ga `=n` a gabansa shi ne ya tare hanya. Kunna shi, ɗan zai bayyana.

Ba sai ka bi kowane layi da tsanani iri ɗaya ba. Direban katin talabijin da ba ka taɓa mallaka ba, bar shi ya tafi. Waɗanda ba a sassauci a kansu su ne na hanyar tashi: direban faifan da tsarinka ke kai, ko NVMe ne ko SATA ko virtio a na'urar kwaikwayo (wato kwamfutar da ke gudana a cikin wata kwamfutar), tsarin fayil na tushen faifan, ext4 ko btrfs ko xfs, da LVM ko ɓoye bayanai na dm-crypt in kana amfani da su, sai allo da kibod, sai katin sadarwa, musamman in saba ce (server) da kake shiga daga nesa. Umarnin `lspci -k` zai nuna maka direban da kowace na'ura ke amfani da shi yanzu, `findmnt /` kuma ya nuna tsarin fayil ɗinka. Ka bi su ɗaya-ɗaya da `grep` a sabon `.config`. Sannu ba ta hana zuwa, kuma minti goman da za ka kashe a nan sun fi sauƙi a kan tsayuwa gaban baƙin allo mai cewa `Unable to mount root fs`.

## Mataki na shida: tarkon saitin da ba kai ka rubuta ba

Saitin da ka kwafo daga `/boot` an rubuta shi ne domin injinan ginin masu rarraba tsarin, kuma yana kiran wasu fayiloli da su kaɗai ke da su. Mafi shahara shi ne na takardun shaidar sa hannu. Saitin Ubuntu yana nuni zuwa `debian/canonical-certs.pem` da `debian/canonical-revoked-certs.pem`, waɗanda babu su a tushen kernel.org, wasu sigogin Debian ma suna da makamancin haka. In ba ka gyara ba, gini zai yi nisa sannan ya tsaya da ƙorafin bai san yadda zai samar da fayil ɗin ba. Maganin:

```
scripts/config --set-str SYSTEM_TRUSTED_KEYS ""
scripts/config --set-str SYSTEM_REVOCATION_KEYS ""
```

Na biyu shi ne bayanan binciken kurakurai. Masu rarrabawa suna kunna su, kuma suna kumbura foldar gini har ta cinye fiye da gigabait goma, ga tsawaita lokaci. In ba binciken kurakuran kenel za ka yi ba, kana iya kashe su. Tun daga 5.18 zaɓi ne tsakanin 'yan'uwa da yawa, don haka sai an kashe masu kunne an kunna na babu:

```
scripts/config --disable DEBUG_INFO_DWARF_TOOLCHAIN_DEFAULT
scripts/config --disable DEBUG_INFO_DWARF4
scripts/config --disable DEBUG_INFO_DWARF5
scripts/config --enable DEBUG_INFO_NONE
```

Sai dai ka sani `CONFIG_DEBUG_INFO_BTF` zai tafi tare da su, kuma wasu kayan sa ido masu amfani da BPF suna buƙatarsa. In kana amfani da irinsu, bar bayanan a kunne, ka tabbatar akwai `pahole`, wanda ke cikin ƙunshin `dwarves` da muka girka.

Sannan ka ba kenel ɗinka suna na daban:

```
scripts/config --set-str LOCALVERSION "-nawa1"
make olddefconfig
```

Wannan ƙarin sunan yana shiga cikin lambar siga, don haka modul-modul ɗinka za su sauka a foldarsu ta daban a `/lib/modules`, ba za su hau kan na wani ginin ba. In ka sake gini da wani saitin, mai da shi `-nawa2`. Shi kuwa `make olddefconfig` na ƙarshen wajibi ne bayan duk wani gyara da `scripts/config` ko da hannu, domin wannan kayan aikin rubutu kawai yake sauyawa, bai san komai game da sharuɗɗa ba. Bayan haka sake duba cewa abin da ka sa ya zauna.

## Maganar `localmodconfig`

Za ka ji ana yaba wannan umarni, kuma ya cancanci yabo: yana duba modul-modul ɗin da ke ɗauke a kwamfutarka a wannan lokacin, ya kashe duk sauran, gini ya ragu daga sa'o'i zuwa mintuna. Amma kalmar "a wannan lokacin" ita ce gaba ɗayan labarin. Na taɓa yin amfani da shi a laftof, komai ya tafi daidai har tsawon makonni, sai ranar da na soka filashi mai tsarin exFAT ina sauri, kwamfutar ta ƙi buɗe shi. A ranar da na yi saitin babu filashi a jikinta, don haka aka ɗauka ba na buƙatarsa. Daga baya na gano modul ɗin `tun` da manhajar VPN ke nema shi ma ya tafi ta wannan hanyar.

In za ka yi amfani da shi, soka duk abin da kake amfani da shi tukuna: filashi, firinta, kyamara, abin sauraro na bulutut, ka kunna VPN da na'urorin kwaikwayo. Mafi kyau ma ka tara sunayen modul-modul na kwanaki da yawa ka miƙa masa jerin ta hanyar `LSMOD=`. A gini na farko bayan babban tsalle dai, shawarata ka bar saitin da cikarsa. Rage kaya aiki ne na daban, kada a haɗa shi da sabuntawa a rana ɗaya, domin in abu ya lalace ba za ka san wanne ne sanadi ba.

## Mataki na bakwai: gini da girkawa

A Debian da Ubuntu na fi son a gina ƙunshi, saboda cire shi daga baya yana da sauƙi:

```
make -j$(nproc) bindeb-pkg
sudo dpkg -i ../linux-image-6.12*nawa1*.deb ../linux-headers-6.12*nawa1*.deb
```

In akwai wani kayan gini da ya rage, zai faɗi sunansa tun da farko. Masu Fedora suna da `binrpm-pkg`. Hanyar gargajiya kuma ita ce `make -j$(nproc)`, sai `sudo make modules_install`, sai `sudo make install`, a wannan jerin. A yawancin tsare-tsare matakin ƙarshen yana samar da initramfs, wato ɗan ƙunshin da kenel ke ɗauka lokacin tashi, ya sabunta GRUB, mai tayar da kwamfutar, da kansa. A Arch sai ka kwafa hoton kenel zuwa `/boot` da hannunka, ka gudanar da `mkinitcpio`, ka sabunta mai tayar da kwamfutar. Ko ta wace hanya ka bi, leƙa `/boot` ka ga kenel da initramfs masu sabon sunan suna nan, kuma wurin bai cika ba.

Abu biyu kan ba mutane mamaki a nan, kuma babu ruwan saitinka da su. In Secure Boot na kunne, wato tsarin da ke hana na'ura tashi da manhajar da ba a sa wa hannu ba, kenel ɗin da ka gina ba shi da sa hannun da na'urar ta yarda da shi, sai ka sa masa hannu da makullinka ka yi wa makullin rajista, ko ka kashe Secure Boot. Sannan direbobin da ba a cikin tushen kenel suke ba, kamar na Nvidia ko VirtualBox, wata manhaja mai suna DKMS ce ke sake gina su, kuma tsohuwar sigarsu tana iya ƙin haɗuwa da sabon kenel. Duba `dkms status` kafin ka sake kunnawa.

Kada ka cire tsohon kenel. Ka kuma tabbatar ka san yadda ake fito da jerin zaɓin GRUB, yawanci ta riƙe Shift ko danna Esc lokacin tashi, tun kafin ka buƙace shi. In saba ce mai nisa, kada ka sake kunna ta sai kana da wata hanyar ganin allonta da ba ta dogara da intanet ɗin kenel ɗin ba.

Bayan ta tashi, `uname -r` zai tabbatar maka a kan sabon kake. Karanta `journalctl -b -p err` ko `dmesg`, ka sake gudanar da `lspci -k` ka ga ko akwai na'urar da a da take da direba yanzu babu. Gwada sauti, waifai, filashi, da kwantar da kwamfutar a tashe ta. Ka yi aiki da shi na kwanaki kafin ka taɓa tsohon.

## Ajiye na gaba

Da ka gamsu, ajiye saitin a wajen foldar tushe da sunan sigarsa. Sannan ka gudanar da wannan:

```
make savedefconfig
```

Zai fitar da ɗan fayil mai suna `defconfig` wanda ya ƙunshi kawai wuraren da ka saɓa wa amsoshin asali. Ga wanda ya rage saitinsa, wannan fayil yana da gajartar da za a iya karanta shi a zama ɗaya, kuma shi ya fi dacewa a sa a Git a riƙa bin tarihinsa. A sabuntawa ta gaba kana iya kwafa shi a matsayin `.config` ka gudanar da `make olddefconfig`, ya cike sauran.

Amma yana da nasa gefen. Tunda bai rubuta abin da ya yi daidai da amsar asali ba, in masu kenel suka sauya wata amsa a siga ta gaba, kai ma za ka bi su ba ka sani ba. Cikakken `.config` shi ne ke riƙe amsarka a inda ka bar ta. Don haka ka ajiye duka biyun: gajeren domin ka tuna abin da ka zaɓa da gangan, cikakken domin ya zama abin da za ka miƙa wa `scripts/diffconfig` ranar da za ka tashi daga 6.12.